Ƙaramar tandar lantarki mai fanka: rogo ne ya tona mata asiri

Idan ana son sanin gaskiyar tanda, kada a gwada ta da kaza. Kaza tana da kitsenta da fatarta, ko a tanda mai rabin lafiya za ta yi ja ta yi ƙamshi, mai tanda ya yi ta yabo. Rogo ne ba ya rufa wa kowa asiri. Ba shi da kitse, sukarinsa kaɗan ne. In wuta ta yi ƙasa ya bushe yana nan fari fat, in ta yi yawa gefensa ya ƙone cikinsa bai san ana yi ba. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a kan wannan ƙaramar tandar lantarki da na saya, da gasasshen rogo na auna shi, irin wanda ake zubawa a gefen nama ko kifi a matsayin mahaɗi.

Irin wadda ake ɗorawa a kan kantar kicin ce. Cikinta lita 30, tana cin wat 1500, tana da sandunan wuta huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da fanka a bangon dama. Abin murɗawa uku ne a gabanta: na zafi wanda ya kai digiri 230, na zaɓen inda wuta za ta fito, sai agogo mai minti 60 da ke kaɗa ƙararrawa ya kashe wutar. A cikin kwalin akwai raga ɗaya, tire ɗaya, wani ɗan ƙarfe na jawo tire, da faranti mai tare ɓurɓushi a ƙasa. Ban ga amfanin kama sunan kamfani ba, don irin wannan ƙirar ta cika shaguna da sunaye iri-iri, in aka cire tambarin da wuya a bambanta su. Tana gasa rogo da kyau, har ta fi babbar tanda sauri, amma sai an ƙara mata abu biyu da ba su zo cikin kwalin ba: ma'aunin zafi da tire mai kauri. In babu su, caca kawai ake yi.

Lambobin da ke jikin abin murɗa zafin ado ne. In na kai shi 200, 'yar jar fitilar da ke nuna tana ɗaukar zafi takan mutu bayan kamar minti shida, wai ta kai. A daidai lokacin, ma'aunin da na rataya a tsakiyar raga bai wuce 160 ba. Sai ta yi minti goma sha biyar tana aiki kafin allurar ta natsu a wajen 180, daga nan kuma ta riƙa hawa tana sauka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Na'urar da ke kunna wuta tana kashewa a bango take maƙale, dab da sandunan, ita ke fara jin zafi tun iskar ciki da bangon ba su ɗauka ba. Kowace tanda tana wannan kunna-kashen, sai dai babba tana da jiki mai kauri da ke riƙe zafi, wannan kuwa bangonta siriri ne, abin da ya shiga nan da nan yake fita. Buɗe ƙofa na ɗan lokacin da za a juya rogo ya isa ya saukar da allurar da digiri talatin ko arba'in. Yanzu in ina son 200 na gaskiya, 220 nake murɗawa, kuma ba na kallon fitilar ko kaɗan.

Na koma shagon da maganar, ba don rigima ba, don in ji ko tawa ce kaɗai mai lahani. Na ce, "Malam, wannan tandar ba ta kai zafin da aka rubuta a jikinta." Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai duk haka suke. Ki ɗan ƙara mata wuta kawai." Na ce to me ya sa ba a faɗa wa mutum tun kafin ya biya? Ya ce babu wanda ya taɓa tambaya. Gaskiyarsa ce a rabin farko, amma ɗan littafin da ya zo da ita, mai shafuka da yawa a kan kada a tsoma tanda cikin ruwa, bai ce uffan a kan wannan ba.

Tiren da ya zo da ita kuwa, na mayar da shi wurin shanya yankakken rogo. Da ya ji zafi sai ka ji "ɓas!", ya lanƙwashe, kusurwa ɗaya ta ɗaga, mai ya gangara ya taru a ɗaya kusurwar. Rogon da ke can ya soyu, na nan ya bushe. Na maye gurbinsa da kaskon baƙin ƙarfe marar dogon hannu, don mai dogon hannu ba ya barin ƙofa ta rufu. Baƙin ƙarfe yana da nawar ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ba ya saki da wuri, kuma wannan shi ne ainihin abin da tandar ta rasa. Ina saka shi tun tana sanyi su ɗau zafi tare. Ko an buɗe ƙofa iska ta fice, ƙarfen yana nan da zafinsa, shi ke mayar da tandar kan hanya.

Akwai aikin da ba na tandar ba ne, kuma duk wanda ya ɗora mata shi ya zalunce ta. Ƙanwata ta tarar da ni ina tafasa rogo ga tanda a kunne, ta ce, "Yaya, wannan ai aiki biyu ne. Ki zuba shi ɗanye mana, wuta ba dafa shi za ta yi ba?" Na ce, "Ke dai zauna ki gani." Amsar tana da tsawo, kuma rabinta maganar lafiya ce, ba ta daɗin baki ba.

Rogo yana ɗauke da wani sinadari da ake kira linamarin. Muddin saiwar tana nan lafiya, shiru yake. Da an yanka ko an goga, sai ya haɗu da wani sinadarin da ke cikin rogon, su saki gubar sayanayid. Duk rogo yana da shi, yawan ne ya bambanta, kuma ɓawo ya fi tsoka yawa. Ma'aunin abinci na duniya yana kiran rogo mai zaƙi idan gubar ba ta kai miligiram 50 a kilo ɗaya na ɗanyensa ba. Mai ɗaci yana iya ninka haka sau da yawa, shi ya sa ba a cinsa sai an jiƙa shi kwanaki, ko an goga an matse an bar shi ya yi tsami. Mai ɗaci ba na wannan girkin ba ne sam, kowace irin tanda gare ka. Ko mai zaƙin ma, busasshen zafi ba ya yi masa abin da ruwa ke yi. Linamarin yana jure zafi sosai, amma yana narkewa a ruwa, don haka tafasa ƙananan yanka cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan, shi ke fitar da kaso mai tsoka. Gubar da ta riga ta fito kuma a digiri 26 kacal take zama iska, shi ya sa nake barin tukunya a buɗe ta fice da tururi. In na ɗanɗana bayan dahuwa na ji ɗaci a harshe, ba na jayayya da shi, zubarwa nake yi.

Ɗaya rabin amsar ita ce ruwa. Ɗanyen rogo ruwansa wajen kashi 60 ne cikin 100, na dankalin turawa kuwa ya kusa 80. Shi ya sa giram 100 na rogo ke da kalori wajen 160, na dankalin turawa bai kai 80 ba: sitaci ne cunkushe. Sitaci kuma ba ya nuna sai ya sha ruwa ya kumbura. Dankalin turawa yana da isasshen ruwan da zai dafa kansa a tanda. Rogo ba shi da shi, in aka saka shi ɗanye zafi ya kwashe ɗan abin da ke jikinsa kafin ciki ya yi laushi, a fito da abin da haƙori ba ya shiga. Tukunya ce ke dafa rogo. Tanda ɓawo take yi masa.

Wurin sayen rogon ma akwai abin dubawa, tunda ba ya jiran kowa. Kwana biyu zuwa uku bayan an tone shi yake fara lalacewa, zane-zane masu shuɗi da baƙi su bayyana a tsokar. Wanda ake kaiwa nesa akan shafe shi da kakin zuma ko makamancinsa don a jinkirta hakan, amma kakin yana ɓoye aibi kamar yadda yake tsare lafiya. Ni sai an karya mini bakin saiwar na ga cikinta fari tas, babu zane, babu wari, kafin in ɗauka. Wanda aka fere aka daskarar a leda ya rage wannan fargabar, kuma kai tsaye daga firiza yake shiga tukunya.

Ga yadda nake yi, kuma a nan ne tandar take biyan kuɗinta. Ina yanka saiwar gunduwa-gunduwa, tsawon yatsa. Ɓawon rogo biyu ne, na waje mai ruwan ƙasa da na ciki mai kauri, fari ko mai ɗan ja-ja. In aka tsaga shi a tsaye da bakin wuƙa aka soka ta ƙarƙashi, duka biyun suke ɓarewa tare. Ina raba kowace gunduwa huɗu, in zuba a ruwan sanyi mai gishiri wanda ya sha kansa sosai, in ɗora. Tsakanin minti goma sha biyar zuwa ashirin da biyar yake ɗauka bayan ya tafasa, gwargwadon irin rogon da tsufansa. Ba agogo nake kallo ba, rogon nake kallo: farin ya koma ruwan madara mai ɗan haske, gefuna su fara tsagewa suna buɗewa, wuƙa ta shiga ba tare da an danna ba amma yankan bai rabe a jikinta ba. In ya wuce nan ya sha ruwa ya yi danƙo, babu tandar da za ta cece shi. Akwai kuma rogon da ko an kwana ana dafawa ba ya yin gari, haka Allah ya yi shi, wannan ba laifin kowa ba ne.

Sai in tsane a kwando, in zare jijiyar nan ta tsakiya tun da zafinsa, lokacin da take fita salin-alin. Daga nan in baje shi a tire in ƙyale shi minti goma tururi ya fita. Wannan hutun da ake ganin ɓata lokaci ne shi ne rabin aikin. Muddin akwai ruwa a fatar rogon, zafinta ba zai wuce digiri 100 ba, launin ja da ƙamshin gashi kuwa ba sa farawa sai wajen 140. Da ya sha iska ya yi fari-fari a baki, ina mayar da shi kwando in girgiza sau biyu ko uku, gefunan su ɗan farfashe. Waɗannan 'yan tsage-tsagen su ne za su zama ƙaras-ƙaras.

Kilo ɗaya na rogo cokali uku na mai nake ba shi. Ba na rowa a nan, rogo marar mai a tanda itace ne. Ina jawo kaskon da ya riga ya yi zafi, in zuba man, in jera rogon ɗaya bayan ɗaya, ɓangaren da aka yanka yana kallon ƙasa, da 'yar tazara a tsakani. In bai yi "cuuu" ba lokacin da ya taɓa ƙarfen, kaskon bai kai ba. Raga a matakin tsakiya, wuta sama da ƙasa, fanka a kunne, ma'auni yana nuna 200. Minti goma sha biyar ba na taɓa ƙofar. Sai in fito da kaskon gaba ɗaya, in rufe ƙofar nan take, in juya rogon a waje. Wanda ya ƙi ɗagowa ba a tilasta masa, ɓawonsa bai gama haɗuwa ba ne, in ya haɗu da kansa yake sakin ƙarfe. Wasu minti goma sha biyu zuwa sha biyar, an gama.

Abin da ke fitowa ya sa na yafe mata ƙaryar lambobi. Ƙasan kowane yanka ya yi ruwan zuma, gefunan da suka farfashe sun yi ja sun miƙe, in ka matsa da yatsa ka ji ɓawon ya fashe, ciki kuma fari, mai gari, yana tururi. Ba ya yin ja sosai irin na dankali, kuma kada a jira ya yi. Rogo ba shi da isasshen sukari da furotin da za su ba shi wannan launin, giram 100 bai kai giram biyu na furotin ba. Mai jiran ya yi jawur zai fito da busasshen abu.

Tafarnuwa ba ta shiga tandar nan tare da rogo. Sandunan sama sun yi kusa da abinci, cikin minti kaɗan take baƙi ta yi ɗaci. Ina dafa ta daban a ɗan mai a kan wuta kaɗan, in sauke, in matsa lemun tsami, in sa gishiri da masoro, in kwarara a kan rogon yana fitowa. Wurin mutanen ƙasar Kuba na ɗauko wannan dabarar, su a kan dafaffen rogo suke zuba mai da tafarnuwa da ruwan lemu mai tsami. Ba abin mamaki ba ne a ce mutanen can sun san hannunsa, tunda asalin rogo daga Kudancin Amurka yake, yankin Brazil, 'yan kasuwar Fotugal ne suka tsallako da shi Afirka a ƙarni na 16. A kan gasasshe, tsamin yana ratsa ɓawon ya kashe nauyin sitacin. Ƙanwata da ke cewa aiki biyu ne, a tsaye ta cinye rabonta.

Fankar ita ce abin da ya fi burge ni a tandar, kuma ita ce dalilin da zan ce kada a sayi marar fanka don ragin kuɗi. Abinci mai ruwa yana lulluɓe kansa da tururi, fanka ke kore shi ta kawo busasshiyar iska mai zafi. Na gasa rogo iri ɗaya da fanka da kuma babu. Na farkon ya yi ɓawo ta ko'ina, na biyun ƙasansa kaɗai ya yi, samansa ya yi yaushi. A babbar tanda ana cewa a rage digiri 20 in an kunna fanka. A wannan ban rage komai ba, tunda dama bashin zafi ake bin ta. Aibin fankar ɗaya: a gefe take, don haka layin da ke kusa da ita da na can baya suna riga sauran yin ja. In na fito da kasko don juyawa, sai in mayar da shi gaba ya koma baya.

Inda ta gaza shi ne rogon da ake jerawa a kwano da madara. Ana yanka dafaffen rogo fale-fale, a jera shi hawa-hawa da soyayyiyar albasa, a zuba madara ko madarar kwakwa, a barbaɗa cuku a sama. Mutanen Brazil suna da ɗan'uwansa, inda ake dame rogon a rufe busasshen nama da shi a gasa. Irin wannan girkin wuta mai natsuwa yake so, wajen 180, na minti talatin zuwa arba'in, don madarar ta ratsa ta yi kauri da sitacin rogon. A wannan tandar, tsakanin saman kwanon da sandunan sama bai fi faɗin tafin hannu ba. Cukun ya yi baƙi-baƙi a layi biyu, daidai inda sandunan suke, alhali tsakiyar kwanon madara ce tsululu. Akwai dabara: a sauko da raga matakin ƙasa, a kashe fanka, a rufe kwanon da takardar alminiyom, a buɗe a minti goma na ƙarshe. Yana fitowa a ci, har a ƙara. Amma gadi ne, ba girki ba, dole mutum ya tsaya a kanta, kuma takardar ba a yarda ta taɓa sandunan ba. Kwanon gilashi ma na daina sakawa, masu ƙera su da yawa suna gargaɗi a kan kusantar da su ga sandar wuta, saboda gefe ɗaya ya yi zafi fiye da ɗaya yana iya tarwatsa su. Na ƙarfe ko na tangaran mai kauri nake amfani da shi.

Sauran dangin saiwa ba su ba ta wahala ba. Doya tana bin hanyar rogo, a ɗan tafasa ta tukuna, sai dai ta fi saurin bushewa, minti ashirin ya ishe ta. Gwaza ma haka, a dai kula da hannu wurin fere shi don ƙaiƙayi. Dankali mai zaƙi ne ya fi kowa jin daɗin tandar nan, kuma abin dariya, nawarta ce ta taimake shi. Sitacinsa yana komawa sukari ne a tsakanin digiri 60 zuwa 75, don haka in aka saka shi tun tanda tana sanyi ya daɗe a wannan matakin, zaƙinsa ya fi fitowa. A shimfiɗa wani abu a ƙarƙashinsa dai, don ruwan da yake ɗigarwa in ya ƙone a farantin ƙasa sai an yi da gaske.

Ɗumame kuwa, ban ga abin da ya kama ƙafarta ba. Rogo in ya kwana a firji sitacinsa yana ɗaurewa ya yi tauri. Minti takwas a 200 da ɗan yayyafin ruwa, ya dawo kusan yadda yake. Har na koma dafa rogo da yawa lokaci guda, in zare jijiya, in ajiye a firji. Wanda ya kwana ya bushe a sanyi ya fi sabon dahuwa yin ɓawo.

Ƙananan abubuwan haushi suna nan da dama. Babu fitila a ciki, kuma gilashin ƙofar mai duhu ne, sai na haska da waya in ina son ganin launin rogo ba tare da na buɗe ba. Agogon na murɗawa ne irin mai ƙaf-ƙaf, ƙasa da minti goma ba shi da tabbas sai an wuce da shi an dawo. Ƙararrawarsa sau ɗaya take cewa "ting", in kana wani ɗaki shi ke nan. Gilashin ƙofar falle ɗaya ne, saman tandar da bayanta suna zafin da za su ƙona hannu, ba wurin ajiye leda ko burodi ba ne, kuma gidan da ke da yara sai an ɗaga ta inda hannu ba ya kaiwa. Tana son a bar mata sarari kamar santimita goma ta kowane gefe. Igiyar wutarta gajera ce ƙwarai, abin da ke sa mutum ya nemi ƙari, alhali wat 1500 a kan wuta mai bolt 230 ya haura amfiya shida, a mai bolt 120 kuma ya haura goma sha biyu. Siririyar igiyar ƙari ba ta ɗaukar wannan, soket ɗin bango take so ita kaɗai. Cin wutar kansa bai tsorata ni ba: ko da sandunan ba su huta ba, minti arba'in yunit ɗaya ne, kuma suna hutawa.

Wanki da sauƙi ta wani gefen. Farantin ƙasa yana zarowa, ragar tana shiga wurin wanke-wanke. Rufin ciki ne matsala, man da ya fantsama yana maƙalewa a bayan sandunan inda soso ba ya shiga, bayan wani lokaci ya fara hayaƙi in an kai ta 220. Tsumma mai ɗumi da ɗan sabulu tun tana da sauran ɗumi, bayan an zare filogi, shi ne maganin. In aka bari ya daskare ya zama fenti.

Girmanta ya kamata a yi wa lissafi da idon basira. Lita 30 a takarda yana da yawa, amma abin da ya dami mai gasa rogo faɗi ne, ba zurfi ba, tunda layi ɗaya ake jerawa. Kilo ɗaya shi ne iyakar abin da kaskona ke ɗauka ba tare da sun hau kan juna ba, wato mahaɗin mutum huɗu. In aka cusa fiye da haka, tururin junansu suke sha su fito fari. Na gwada hawa biyu, na sama ya tare wa na ƙasa wuta, na ƙasa ya tare wa na sama. Mai ciyar da mutum takwas zai yi zubi biyu, kafin na biyu ya fito na farko ya huce, gara ya nemi babba. Haka mai son girke-girken madara da cuku, ko kek mai tsayi. Amma gida mai mutum biyu zuwa huɗu, da ke son gasasshen rogo ko doya a gefen abinci ba tare da an tsaya kan kaskon suya mai na fantsama ba, za ta yi musu, kuma ba ta cika kicin da zafi kamar yadda babbar tanda ke yi.

Wanda zai saya ya tafi shago da abin awo, ya auna faɗin cikin daga tudun da raga ke zama zuwa ɗaya tudun, ba daga bango zuwa bango ba, don murfin fankar yana cin wuri. Ya rufe ƙofar ya duba ta sama ko akwai tazara, tawa tana da 'yar kafa a kusurwar hagu da zafi ke zurarewa ta nan. Ya kuma sa a kunna masa fankar a gabansa ya saurara. Tawa shiru take da farko, yanzu ta fara wani ɗan kaɗawa in ta yi zafi, kuma takardar garantin shekara ɗaya ce.